Lamba Ɗaya: Tarihin Masu Duba Ingancin Auduga a Ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A duk lokacin da 'yan asalin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mazauna birane muka haɗu, a wajen ɗaurin aure ne ko zaman makoki ko taron shekara, da wuya mu tashi ba mu taɓo zancen auduga ba. Mukan tuna yadda gonaki kan yi fari fat da kaka, da yadda jakuna da amalanke kan yi jerin gwano zuwa kasuwa, da yadda kuɗin kaɗa ya biya haraji, ya yi aure, ya sayi keke da rediyo, har ya kai wasu daga cikin iyayenmu aikin Hajji. Daga nan sai a koma jimami, kowa na tambayar inda wannan arziki ya tafi.

A cikin wannan hira akwai mutum guda da ba mu cika ambatonsa ba, alhali kuwa da shi aka gina sunan audugarmu. Wannan mutum shi ne mai duba inganci, wato malamin da kan tsaya a bakin kasuwa ya zura hannu cikin buhu ya yanke hukunci, da kuma takwaransa na cikin masaƙa wanda kan bi yadi taku bayan taku yana neman aibu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan aiki a ƙasarmu, tun daga asalinsa har zuwa lokacin da aka yi watsi da shi, domin mu ga abin da ya tsare mana da kuma abin da muka rasa bayan tafiyarsa.

Kafin Zuwan Turawa

Duba ingancin kaya ya girmi mulkin mallaka a ƙasar Hausa. Tun zamanin da, kudancin Katsina da arewacin Zazzau wuri ne na noman auduga, saboda ƙasar tana riƙe ruwa, damina kuma ta fi ta arewa tsawo. Mata ne ke gurza audugar su raba ta da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari. Masaƙa su saƙa, marina su rina, mabuga su buge. A kowace gaɓa akwai idon da ke tantancewa. Tsohuwar da ta ƙware a kaɗi, da ta murza zare tsakanin yatsunta ta san na tsaye da abawa. Marini yakan gane baba ta nuna daga launin kumfar da ke saman karofi. Dillalin tufafi kuwa yakan ɗaga zane ya haska shi a rana, ya ƙirga ƙwarya, ya duba gefe, kafin ya ambaci farashi, domin ya san idan ya sayar wa baƙo da aibu, mutuncinsa ne ya zubar.

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Katsina ya isa Kano a shekarar 1851, ya tarar tufafin ƙasar Hausa suna kaiwa har Tambutu da garuruwan da ke bayan hamada. Kayan da za su yi tafiyar watanni a bayan raƙumi, mai saye bai taɓa ganin masaƙin ba, babu abin da ke sayar da su sai yarda.

Har ila yau, addini ya ɗaure wa wannan yarda gindi. Suratul Muɗaffifina gargaɗi ce ga masu tauye mudu da sikeli, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zura hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya tarar an ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, ya yi hani da algus. A kan wannan tushe Daular Usmaniyya ta riƙe muƙamin muhtasibi mai lura da ma'auni da ha'inci, a gefe guda kuma ga Sarkin Kasuwa da korama mai awon hatsi. Saboda haka lokacin da Turawa suka zo da nasu tsarin, sun tarar da jama'ar da ta san bambancin nagari da mugun kaya.

Bisije, Irin Allen da Gonar Daudawa

Abin da ya kawo Turawan auduga ƙasarmu shi ne yunwar masaƙunsu. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke wa masaƙun Lankasha da ke Ingila auduga, dubban ma'aikata suka zauna babu aiki. Tun daga sannan masu masaƙun suka shiga neman wata ƙasa da za su dogara da ita. A shekarar 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Manchesta, wadda bakin Bahaushe ya mayar Bisije. Sun ɗora babban buri a kan Kano, amma da jirgin ƙasa ya isa can a 1911, sai manoman Kano suka rungumi gyaɗa, ɗan abin da aka noma na auduga kuma masaƙan gida suka riƙa sayensa da tsada fiye da farashin Bature. Wannan ne ya juyo da hankalin Bisije zuwa Zazzau, kudancin Katsina da yankin Gusau. Aka kafa injin gurza a Zariya, daga baya aka kafa a Funtuwa da Malumfashi, kuma a ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929.

Sai dai audugarmu ta gado gajeren gashi gare ta. Ta dace da mazari, amma injin kaɗi na Lankasha ya fi son mai tsawo, wadda gashinta ya yi daidai da juna. Domin haka a 1912 aka shigo da irin Allen, wanda asalinsa na Amurka ne, ta hanyar ƙasar Yuganda. Da aka ga ya karɓi ƙasar, sai wata matsala ta taso: iri yakan gauraya. Idan manomi ya shuka Allen kusa da ta gida, ko aka haɗa angurya a wajen gurza, cikin 'yan shekaru kaɗan sai irin ya lalace.

A nan ne ƙasarmu ta shiga tarihi da ƙafar dama. A tsakiyar shekarun 1920 Hukumar Noman Auduga ta Daular Ingila ta buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari ta yau. Tsarin kuwa shi ne, masana a tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, su zaɓo iri mai kyau, a kawo shi Daudawa a ninka shi, sa'annan a raba wa manoman kewaye. Abin da suka noma a saye shi daban, a gurje shi daban, anguryar kuma a faɗaɗa da ita zuwa gundumomi na gaba, shekara bayan shekara, har ta game lardunan Arewa. Ta wannan hanya irin Samaru 26C da 26J, daga baya kuma Samaru 71 da ire-irensa, suka isa hannun manoma. Ke nan manomin Gombe ko na Gusau da ya karɓi angurya daga hannun En'e, akwai zufar kakanninmu a cikin abin da ya shuka. Kuskure kaɗan a Daudawa yana iya ɓata audugar jiha guda, shi ya sa malaman gona suke zagaya gonakin yankin suna tuge duk tsiron da bai yi kama da 'yan uwansa ba.

Ranar Kasuwar Auduga

A wancan zamani doka ba ta yarda a sayi audugar fitarwa a ko'ina ba, sai a kasuwannin da gwamnati ta ayyana, kuma a cikin lokacin da ta tsayar, wato daga wajen watan Disamba zuwa ƙarshen hunturu. An ƙara ƙarfafa wannan tsari bayan kafa Hukumar Cinikin Auduga ta Nijeriya a 1949, wadda Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta gaje ta a 1954. Hukumar ce ke sanar da farashi, ita ce kuma ke ba kamfanoni da attajirai lasisin saye a madadinta.

Manomi idan ya iso fuloti da kayansa, ba ya wucewa kai tsaye zuwa sikeli. Sai ya fara bi ta gaban malamin duba auduga. A zazzage kayan a shimfiɗa, malamin ya zura hannu har ƙasa, ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can. Abubuwan da yake nema sanannu ne: ko audugar fara ce tas ko kuwa ƙwari da tsutsa sun bar mata tabon rawaya, ko ta nuna kafin a cire ta, ko akwai ganye da ƙaiƙayi da yashi, ko an yayyafa mata ruwa domin ta ƙara nauyi, ko an ɓoye dutse a tsakiya. Daga nan sai ya yanke mata daraja. Fara mai tsabta ita ce lamba ɗaya, wadda a takarda ake rubuta NA1, mai ɗan tabo lamba biyu, sai kuma ta ƙasa da ita. Kowace lamba da farashinta. Wanda kayansa suka gaza, akan ce ya koma gefe ya tsince ya sake kawowa. Sai bayan an ba shi shaida zai kai wa malamin sikeli a auna, a biya shi.

Wannan 'yar tsayuwa a gaban malami ta canza yadda ake aiki a gida. Saboda ita ne magidanci kan raba wa masu cira jaka biyu, fara a ɗaya, mai tabo a ɗaya. Saboda ita ne akan jira raɓa ta bushe kafin a shiga gona, akan kuma zauna a zaure da tsakar gida, manya da yara, ana tsince ganye ɗaya bayan ɗaya. Bayan an gama kaka kuma doka ta tilasta a tuge kararen auduga a ƙone su kafin wata rana da aka ƙayyade, domin tsutsar da ke cin ƙwallon auduga ta rasa inda za ta kwana har damina. A gidan gurza ma ba a haɗa lambobi. Kowace ana gurje ta daban, a matse ta cikin dila mai nauyin laba 400, kimanin kilo 181, a buga mata alama. Kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da manomi ya kawo ne ke zama gurzajjiyar auduga, saura angurya ce. Da wannan alama ɗan kasuwar Libaful kan sayi dilar da aka noma a Faskari, ba tare da ya kwance ta ba. A kakar 1969/70 abin da Nijeriya ta samar ya kai kimanin dila rabin miliyan.

Gaskiya ɗaya ce, tilas a faɗe ta: wannan tsari yana da nasa tabon. An shimfiɗa shi ne da farko domin amfanin masaƙun Ingila. Farashin da hukuma ke biyan manomi sau da yawa yana ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma gwamnati ce ke juya ta. Dattawa ba su manta da malaman da kan mayar da lamba ɗaya lamba biyu idan ba a ga hannu ba, ko 'yan baranda da kan tare manomi a hanya su saye da araha, su kuma su shigar a lamba ɗaya. Sai dai a lura, abin da manomi ke kuka da shi a lokacin shi ne malamin da ya ci amana. Malami mai gaskiya kuwa, ko da an yi masa laƙabi da mai taurin kai, shi ne gatan manomin da ya wahala wajen tsinta, domin shi kaɗai ne ke hana a daidaita shi da wanda ya zuba yashi.

A Cikin Masaƙa

Bayan rabin ƙarni ana ɗaukar audugarmu zuwa ƙetare, sai gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Lankasha, aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957. A shekarun 1960 wasu suka biyo baya a unguwar Kakuri, ciki har da Arewa Textiles ta Japanawa da UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong. A ƙarshen shekarun 1970 Funtuwa ma ta sami tata masaƙar. Samarinmu da yawa da suka bar gida a waɗannan shekaru, can suka nufa, kuma waɗanda suka yi 'yar makaranta, ido kuma yana da kaifi, akan kai su sashen duba inganci.

Aikin wannan sashe yana farawa tun daga ƙofar sito. Kafin dila ta shiga inji sai an ɗebi samfuri an auna tsawon gashinta, da ƙarfinsa, da kaurinsa, da laimar da ke jikinta, da yawan dattin da ta ɗauko. A ɗakin kaɗi, mai duba inganci yakan zagaya a kan lokaci ya ciro ƙwaryar zare daga injina daban-daban, ya warware tsawon yadi 120, ya ɗora a kan ƙaramin sikeli domin ya san ko lambar zaren ta yi daidai da abin da aka umarta. Sa'annan ya ja shi a na'ura har ya tsinke, ya rubuta nauyin da ya tsinka shi. A ɗakin saƙa kuma yadi ne ke gudana a kan wani allo mai fitila, shi kuwa yana tsaye yana kallo: zaren da ya tsinke ya bar layi, wurin da saƙa ta yi sako-sako, ɗigon mai daga inji, gefen da ya tattare. Yana da ɗan gilashi da yake ɗorawa ya ƙirga zaren tsaye da na kwance a cikin inci ɗaya. Bayan rini da buga zane, sai a yanki ƙyalle a wanke, a goga shi a jikin farin yadi, a ga ko yana zuba, a auna ko ya tsuke. Abin da ya tsallake duk waɗannan shi ake bugawa hatimin kamfani. Wanda ya gaza a ware shi a sayar da rahusa.

Wahalar aikin ta fi ƙarfin ƙarar inji da ƙurar auduga da tsayuwar dare. Mai duba inganci kullum a tsakiya yake. Shugaban sashe yana son adadi ya cika kafin a tashi, mai saƙar da aka samu aibu a yadinsa kuma wataƙila ɗan garinsu ne, tare suka zo Kaduna, ɗaki ɗaya suke haya. Idan ya rubuta gaskiya ya ɓata da ɗan uwa, idan ya kau da kai kuma wata baiwar Allah a kasuwar Ɗandume ce za ta sayi atamfar da za ta koɗe a wanki na biyu. Saboda haka jarin wannan sana'a, bayan ilmi, shi ne iya cewa a'a.

Ƙasashen da suka yi nisa a masana'antu sun daɗe da gane darajar wannan a'a. A 1924 wani Bajapane mai suna Sakichi Toyoda ya kammala injin saƙa da kan tsaya da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, domin kada ya ci gaba da saƙa aibu. A 1929 wani kamfanin Ingila ya sayi izinin ƙera injin, kuma daga wannan gida ne kamfanin motoci na Toyota ya fito, da aƙidarsa ta cewa a tsayar da aiki a gyara kuskure a inda ya faru. Tun ran gini tun ran zane, in ji Bahaushe.

Shekarar 1986 da Abin da ya Biyo Baya

Shekarun 1970 sun zo wa yankinmu da alamun alheri. A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya haɗa da gundumomin Faskari da Ƙanƙara, ya kawo taki da hanyoyin karkara. A 1977 kuma aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, aka ajiye hedkwatarta a Funtuwa. Amma kuɗin man fetur ya riga ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona, masara kuma ta fara ƙwace filin auduga saboda ta fi saurin biya.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Manoma da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja, domin farashi ya tashi, kowa kuma ya sami 'yancin sayar wa wanda ya so. Abin da ba a yi tanadi ba shi ne wanda zai gaji aikin dubawa. Masu saye suka bazu ƙauyuka da sikeli a bayan mota, suna rige-rigen cika ma'auni, fara da mai tabo duk kuɗi ɗaya. Da manomi ya ga wanda ya tsince da wanda bai tsince ba abu ɗaya suke karɓa, sai ya daina tsinta. Ruwa da yashi suka dawo cikin buhu. Angurya ta gauraya a gidajen gurza, tsarin da aka faro daga Daudawa ya watse, ƙona karare kuma ya zama labari.

Mafi muni a cikin abin da ya shigo shi ne buhun leda. Da can a cikin zane ko buhun algarara ake zuba auduga. Da buhunan taki suka yawaita, sai aka koma cira da ɗauri a cikinsu. Zaren ledar da ke zarewa daga buhun fari ne kamar audugar, ido ba ya raba su, injin gurza kuma yana daddatsa shi ya watsa cikin dila. Sai an kaɗa, an saƙa, an kai wajen rini sa'annan asiri ke tonuwa, domin leda ba ta shan rini, sai a ga fararen layuka a jikin yadin da aka riga aka kashe wa kuɗi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Binciken da ƙungiyar masu masaƙu ta duniya kan gudanar ya sha sanya audugar Nijeriya cikin waɗanda suka fi gurɓata, masu saye a ƙetare kuma suka riƙa karya mata farashi. Abin lura, a 1987, shekara ɗaya bayan mun sallami masu dubawa, duniya ta fito da ƙa'idojin tabbatar da inganci na ISO 9000.

Ba za mu ce wannan kaɗai ya kashe masaƙunmu ba. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injina, da kwararowar yadin fasa-ƙwauri, musamman bayan ɗage takunkumin shigo da tufafi a 1997, duk sun yi nasu ɓarnar. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007, 'yan uwanmu da dama suka dawo gida hannu rabbana. Amma masaƙar da ke fama da waɗannan matsaloli, idan aka ƙara mata da audugar da ba ta da tabbas, to an ɗora mata kaya a kan gyambo.

Abin da ya Rage a Hannunmu

Yau babbar damuwar ƙasarmu ita ce tsaro. Sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya sanar da duniya abin da mutanen Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara suka daɗe suna gani, na gonakin da aka bari da ƙauyukan da aka tasa. Muna roƙon Allah ya kawo ƙarshen wannan musiba. Amma ranar da manomi zai koma gonarsa da kwanciyar hankali, tambayar da za ta tarye shi a kasuwa ita ce dai ta da: wa zai shaidi kayanka?

Tambayar ba ta tsaya ga auduga ba. Allah ya albarkaci Ƙanƙara da farar ƙasa, wadda masana a Jami'ar Ahmadu Bello suka daɗe suna nazari a kanta, kuma ana amfani da irinta wajen yin fenti, takarda, tangaran, alli da magunguna. Kamfanin da zai saye ta zai tambayi haskenta, da laushinta, da yawan yashi da ƙarfen da ke cikinta, kuma yana son buhun yau ya zama daidai da na wata mai zuwa. Muddin babu mai aunawa ya sa hannu, za mu ci gaba da sayar da ita a matsayin ƙasa, wasu su tace su ci ribar. Haka masara da waken suya da ake lodi daga kasuwanninmu zuwa kamfanonin abincin kaji da na mai, ana auna laimarsu da ruɓarsu a bakin ƙofa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, hukuncin da ya faɗa kan mai laifi da marar laifi. Hukumar SON da aka kafa a 1971 da NAFDAC da aka kafa a 1993 suna nan, amma ba za su iya tsayawa a bakin kowane rumbu ba.

Kammalawa

'Yan uwa, tarihin nan ya nuna cewa audugarmu ta yi suna ne a lokacin da ake da wanda zai iya mayar da buhu baya, kuma ake biyan mai tsabta fiye da marar tsabta. Da aka cire waɗannan biyu, sunan ya zube cikin 'yan shekaru. Mu da ke zaune a birane muna da rawar da za mu taka. Cikinmu akwai tsofaffin ma'aikatan masaƙu da gidajen gurza waɗanda suka shafe shekaru suna wannan aiki, ya kamata a nemo su a rubuta abin da suka sani tun suna raye, a kuma haɗa su da ƙungiyoyin manoma. Idan za mu tallafa wa ɗalibai, mu tuna da masu karatun kimiyyar haɗa sinadarai, fasahar saƙa, kimiyyar abinci da aikin ɗakin gwaji. Attajiranmu masu sayen amfanin gona kuwa, su dawo da bambancin farashi tsakanin lamba ɗaya da lamba biyu, su raba wa masu cira jakar yadi a maimakon buhun taki. Sikeli mai gaskiya da na'urar auna laima a babbar kasuwa ba su fi ƙarfin aljihunmu ba idan muka haɗa hannu.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kakanninmu a Daudawa sun riƙe amanar irin da Arewa ta shuka, iyayenmu kuma sun tsaya a gaban allon fitila a Kakuri da Funtuwa sun ƙi sa hannu a kan aibu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana. Amin.